Abincin Waje da Ƙwaryar Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, cikin ladabin da kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da sanyi. Mu nan lafiya ƙalau muke, jikokinki sun girma har sun ajiye nasu.

Jiya Amina ta ɗauke ni zuwa wani gidan abinci a Kano, ni da ita da yaranta. Ita ce 'yata ta fari, amma ta zauna daf da ni tana tsoma cokali a farantina, ko a jikinta. Sai kika faɗo mini a rai, na kasa ƙarasa abin da ke gabana. Shi ya sa na zauna rubuta miki.

Ni ce 'yarki ta fari, kuma kin riƙe kunyar nan ta Fulani gam. Tun da na yi wayo a Yammedi ban taɓa ganin kin kai loma baki a gabana ba. In na shigo ɗaki kina ci, sai ki jawo faifai ki rufe ƙwarya, ki goge hannu kamar kin ƙoshi. Hansai kuwa, autarki, a kan cinyarki take cin tuwo, har ki tsame mata nama. Ban taɓa faɗa miki ba, amma abin yana ci mini rai. Tun ina yarinya burina bai wuce in sa hannu a kwano ɗaya da ke ba.

Da aka yi mini aure da Likita, mutumin Ƙaraye, ba mu daɗe ba ya samu aiki a wani asibiti a Jidda. Shekarun tamanin ke nan, lokacin da likitocinmu ke ta tafiya. A can na ga abin mamaki. Ranar Alhamis in ya taso daga aiki sai ya kwashe mu a mota, wani lokaci bakin teku, wani lokaci mu hau dutsen Ɗa'if mu sha iska. A hanyar dawowa mu tsaya gidan abinci, a kai mu ɓangaren iyali, a ja mana labule, a dire mana tire guda na shinkafa da naman rago. Ranar farko na kasa ci, Inna. Miji na gefe, ga mutane ta bayan labule, loma ta ƙi wucewa. Likita ya yi ta yi mini dariya yana cewa, "Ke, nan ba Yammedi ba ce, ci abinki." A hankali na saba, har na zama ni ke tuna masa in Alhamis ta zo.

Hutun makarantar yara kullum a damina yake faɗowa. Mu sauka a Kano, mu ɗauki fijo ta Gwarzo, mu fara gaida surukai a Ƙaraye, sannan mu nufo ki. Ba shekarar da motar ba ta kafe a taɓo ba, sai masu noma sun ajiye fartanya sun turo mu. Muna isowa za mu tarar kin dama fura, kin yanka zabi, kin fito da man shanun da kika yi ta tarawa. Ki jera mana komai, sannan ki koma ɗaki ki saki asabari. Yara su bi ki ku ci tare kuna tsokanar juna, ni kuwa ina tsakar gida ina jiyo dariyarku.

Wata shekara na zo miki da hotuna. Akwai wanda muke zaune mu duka a bakin tire, hannuna da na Likita cikin shinkafa ɗaya. Kika kalla, kika kife shi a tabarma. Abin da kika ce kawai shi ne, "A kasuwa? Da mijinki?" Washegari sai ga Goggo Dije, ƙanwar Baffa mahaifinmu, ta ja ni bayan rumbu tana raɗa. Wai kin aiko ta ta tambaye ni ko wani abu ya shiga tsakanina da Likita, don magidanci ba ya cin abincin saye sai in matarsa ta yi masa yaji ko ba ta iya girki ba. Na yi dariya har da hawaye. Ranar komawarmu kika sa aka ɗaura mana tukunyar ƙasa da muciya a bayan mota, da kuka da daddawa, wai ko can babu. Muciyar nan har Jidda na kai ta, ma'aikatan filin jirgi suna jujjuya ta suna kallona.

Shekarar da kika sauke farali, bayan an gama aikin hajji kika kwana biyu a gidanmu. Na ce yau dai Allah ya kawo ranata. Ba Goggo, ba maƙwabta, ba wanda ya san ki. Muka kai ki gidan abincin da muka fi so, na sa aka gasa miki kifi, na zauna kusa da ke. Kika ja mayafi, kika juya fuska wajen bango, kika ce, "Azumi nake yi." Haba Inna! Azumin da na hango ki da safe kina shan shayi a kicin? Da muka koma gida kika rufe ƙofa kika ci sauran tuwon jiya. Wallahi ranar na ji haushinki. Na ce a raina, matar nan ta tsallako teku amma ba za ta iya tsallako tabarma ta zo gare ni ba.

Zuwanmu na ƙarshe, cikin shekarun casa'in, mun tarar kina kwance. Kin rame, zoben hannunki har yana zamewa. Hansai ta ce kin daina cin komai, in ta matsa miki sai ki kurɓi ruwa ki kau da kai. Likita ya tsaya daga bakin ƙofa, don ba za ki yarda surukinki ya ƙaraso ba, ya ce magani ba zai yi aiki ba sai da abinci a ciki. Hansai ta gwada, Goggo ta gwada, jikoki suka gwada. Ni ba wanda ya ce in gwada, kowa ya san yadda muke.

Da hantsi, gida ya watse an tafi gona, na dama fura da nono mai sanyi kamar yadda kike damawa, ba sukari. Na shigo na ajiye ƙwaryar da ludayi kusa da hannunki. Ban fita ba. Na je bakin ƙofa na zauna, na ba ki baya, ina kallon kaji a tsakar gida. Na yi niyyar ko zan wuni a haka ba zan waiwaya ba. Can sai na ji ludayi ya taɓa ƙwarya, na ji kin haɗiya. Na danne numfashina don kada ki tuna ina nan.

Sai na ji muryarki ƙasa-ƙasa: "Ke. Juyo. Ƙwaryar nan ta yi mini yawa."

Na juyo, kika miƙo mini ludayin ba tare da kin dube ni ba. Na sha, na miƙa miki, kika sha. Haka muka yi ta yi, hawaye na zuba ina haɗiye su da furar. Ba mu tsaya ba sai da muka ga gindin ƙwarya. Kika goge baki da gefen zane, kika ce, "Ashe an fi ci in ana biyu."

Hutu ya ƙare muka koma. Ba a yi nisa ba aka bugo wa Likita waya daga Kano cewa kin cika. Na ci abinci a garuruwa da yawa, Inna, a kan tebura masu kyau, tare da mutanen da nake ƙauna. Amma sau ɗaya tak na ci da ke, kuma ya ishe ni.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki. Allah ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, ya sa in tawa ta zo in cika da imani, in same ki a can, ki matsa mini in zauna kusa da ke. Amin.

Taki har kullum,
'Yarki ta fari.