Gorar Ruwan Yakaka

Lamisula, Maiduguri
6 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga angona Hamisu,

Kacici-kacici: mene ne in ka lallaɓa shi yake gudana, in ka mare shi ya zama dutse?

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya karatu, yaya zafi? Ina fata makarantar kwana ba ta ƙarasa ramar da kai ba, mijin da ko turmin zane bai taɓa saya mini ba.

Jikana, bakina ya ja mini. Ranar Asabar Zainaba, matar Ya'akubu mai kifi, ta zo sayen ruwan sanyi da goyonta. Na ciro gora daga firiza, ruwa ne zalla yana motsi. Ina dangwarar da ita a benci, sai fari ya bi ta daga sama har ƙasa, ta zama ƙanƙara a idonmu. Maimakon in yi salati, sai halin nawa ya motsa, na ce mata haka nake yi wa ruwan wanda bai gaishe ni ba. Washegari zazzaɓi ya kama jaririnta.

Yanzu sunana mayya. Ko sallama ba a amsa mini. Bulama, mai unguwarmu, ya ce in bayyana abin a gaban jama'a ranar Juma'a ta sama, ko in bar Lamisula. Shekara arba'in ina nan, daga gidan nan aka ɗauki kakanka. Ina za ni?

Kai ne mai karatun kimiyya. Ka taimake ni, ka ba direban da ya kawo maka takardar nan amsa.

Kakarka,
Yakaka

13 ga Afrilu

Hamisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na karanta da ɗan yaƙi da jahilcina har sau huɗu.

Ka ce ruwa mai tsabta yakan wuce sanyin ƙanƙara bai daskare ba, don bai sami ƙwayar da zai fara kamawa ba, sai an girgiza shi. Ban gane ba sai da ka kawo zancen alewa. Wannan kam na sani tun ba a haifi ubanka ba: in ruwan zafi ya sha sukari fiye da cikinsa ya huce, ƙwaya ɗaya ta faɗa, duk tukunyar sai ta koma tsaki.

Amma abin ya ƙi. Gora goma sha ɗaya na gwada. Wasu sun daskare tun a ciki, wasu na mare su har tafina ya yi ja, suna kallona. Sau biyu aka ɗauke wuta. Jaririn ya warke da maganin asibiti, sai aka ce tsoro ne ya sa na sake shi. Jiya na fara ɗaure kwanukana a zane, ina kuka kamar amarya. Kada ka gaya wa kowa.

Yakaka

17 ga Afrilu

Angona,

Ina gaishe ka, ina gaida malaminku.

Kurena ashe gorunan ne, duk sun karce, ga ruwan randa da gari-gari. Na tafasa ruwa na tace, na zuba a sababbin goruna uku, na zauna gadin firiza da agogon kakanka, awa biyu da rabi, ko tari ban yi ba.

Bayan an sauko daga masallaci jama'a suka cika mini tsakar gida. Gorar farko ta daskare tun a ciki. Ta biyu ta girgiza wajen cirowa, ta kama kafin in juyo, Ya'akubu ya fara nuna ni. Ta ukun na tallafe ta kamar ƙwai, na sa a hannun Bulama, na roƙe shi ya buga ta a gwiwarsa da bisimilla.

Ya buga. Ta daskare a hannunsa.

Na tambayi jama'a ko sai mu tattara kayanmu tare da shi. Zainaba ce ta fara dariya, ita kuma ta kwance mini kwanukan.

Sai ka zo hutu, ka zo da turmin zanena. Kakarka Yakaka, wadda ke nan Lamisula daram.

Amsar kacici-kacicin: ruwa ne mai tsabta, da ya wuce sanyin ƙanƙara ba a taɓa shi ba.