Rijiya a Gonar Aro

Gumbin Kure,
Maiyama.

Zuwa ga Alhaji Rufa'i, ma'ajin ƙungiyarmu ta manoman albasa, Jega.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya Mairo da yara, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi.

Na rubuto ne kan shafin intanet da za a gina wa ƙungiya domin masu sayen albasa daga kudu su same mu kai tsaye. Ranar taron Aliero ɗanka Shamsuddeen ya kawo hanyoyi biyu. Ɗaya manhajar kamfani ce ta lasisi, mai kyan gani, ana biyanta kowace shekara da dala. Ɗayar kyauta ce, sai dai a biya maginin da wurin ajiyar shafin a intanet, shafin kuma ya zama namu.

Na tambaye shi gaban jama'a ko kamfanin na iya ƙara kuɗi, ya ce yana iyawa. Na tambaye shi ko za mu iya kwashe shafin da sunayen masu sayenmu in mun daina biya, ya ce ba za mu iya ba. Kai kuwa ka yi dariya, ka ce tsufa ne ya kama shugaba.

Rufa'i, wannan gonar aro ce. Tun kakanninmu ba a dasa itace ko haƙa rijiya a gonar aro, kai ma ka sani. Kuma lokacin biyan yana faɗowa da damina, sa'adda manomi ya zuba komai a ƙasa. Ina roƙonka ka janye goyon bayanka ga manhajar kamfanin kafin 'yan ƙungiya su kaɗa ƙuri'a.

Naka,
Ya'ƙub, shugaban ƙungiya.

*

Gumbin Kure,
Maiyama.

Zuwa ga Alhaji Rufa'i.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, domin gaisuwa wajibi ce.

Ba ka ba ni amsa ba. Sai labari na samu cewa ka bi mutanen Dangamaji da Giwa Tazo gida-gida kana gaya musu ni ban san zamani ba, har kuka ci ƙuri'a ina jinya. Na kuma ji kamfanin yana ba Shamsuddeen la'ada kan kowane lasisi. Ban zarge ka da ci ba, amma ka ɓoye, ɓoyewar kuwa ta fi zafi.

An ce mini ka tsaya ka faɗa wa jama'a cewa mai aro ba ya cutuwa matuƙar yana biya. To, na karɓi hujjarka.

Fadamata ta bakin gulbi, wadda kake nomawa tun ana kiran nan Jihar Sakkwato, aro ce na ba ka. Bara ka haƙa rijiyar burtsatse a ciki ba ka shawarce ni ba, na yi shiru don zumunci. Da zarar ka cire albasar bana, haya za ta koma, kuma ni zan yanke kuɗin kowace shekara yadda na ga dama. In bai yi maka ba, kana da ikon tashi. Injin ban-ruwa naka ne, ka ɗauka. Rijiyar kuma, in ka sami hanyar ɗaukarta, ka tafi da ita.

Ka gaida Hajiya Mairo, ita ba ta yi mini komai ba.

Wassalam,
Ya'ƙub.