Irin Cittar Roseline

Lahadi, 7 ga Afrilu, 2024
Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Kagoro, kowa a coci maganar shuka yake. Ni kuwa cutar bara ta ruɓar da cittata kaf, ko iri ban tsira da shi ba, na kasuwa kuma ba ya taɓuwa. Ban gaya wa kowa ba. Shugabar zumuntar mata guda, mai kai wa mutane taimako, ta fara kukan babu? Allah ya kiyaye.

Talata, 9 ga Afrilu
Roseline ta zo da buhu a bayan babur. Ita ce gwauruwar da nake auna wa masara tun rasuwar mijinta. Wai irin citta ne daga gonar babanta, cutar ba ta kai can ba. Na ce ta mayar, ina da nawa. Ƙarya da rana tsaka, a ƙofar gidana! Ta dube ni, ta sa aka juya babur.

Laraba, 10 ga Afrilu
Masu kyau ne fa, na hango jiya ta bakin buhun. Har sun fara tsiro.

Lahadi, 14 ga Afrilu
Bayan sujada na aika mata masara kamar kullum. Da kanta ta dawo da ita. "Na gode, Mama, ina da nawa." Na san ba ta da shi, ga yara. Raina ya ɓaci, na wuni ina ce mata mai girman kai a zuciyata.

Juma'a, 19 ga Afrilu
Ruwa ya sauka sosai. Maƙwabta sun shuka, sun rufe da ciyawa. Tawa gonar tana nan fayau. In makon nan ya wuce, bana ta wuce ni.
Na tare Roseline a bakin rijiya, na ce kada ta horar da yara da yunwa saboda ni. Ta ce, "Mama, kullum ni ce mai buɗe hannu in karɓa. Kin san yadda yake da nauyi? Sau ɗaya Ubangiji ya ba ni abin da zan ba ki, kika kore ni."
Da yamma na zauna yin addu'a, na kasa haɗa kalma biyu.

Litinin, 22 ga Afrilu
Na je gidanta hannu wofi. Don gonar na je, ba don wani abu ba.
Buhun yana inuwa, ashe kullum tana yayyafa masa ruwa, ba ta ba kowa ba. Na ce na gode. Da ƙyar kalmar ta fito, amma ban mutu ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce a kawo masarar ma, yara sun gaji da rogo.
Wai gobe za ta zo taya ni shuka. Na buɗe baki zan ce kada ta wahalar da kanta, sai na ji ina tambayar ta ƙarfe nawa.