Goron da ya tsallake dattijo

Asabar, da dare, Alexandria

Na kasa barci. Yau muka je garin Bowie gidan su Chidi, saurayin 'yata Hannatu, don iyaye su san juna.

Da aka kawo goro a faranti, sai na yi karambani na miƙa wa wani dattijo mai furfura. Ya ɗaga hannu ya ƙi karɓa, ya nuna wani matashi direban tasi da ke zaune bakin ƙofa. Kunya ta rufe ni.

Baban Chidi ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, wani maharbi ne ya kafa garinmu, tsakanin rafi da tudu. 'Ya'yansa huɗu suka zama unguwanni huɗu. Wannan matashin daga gidan babban ɗan ya fito, mu kuwa na auta ne, shi ya sa goro ke fara zuwa hannunsa." Daga nan ya jero kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har kan maharbin, bai yi gargada ba. Kowa a falon ya san rijiyar unguwarsu, ya san gidan da ba zai nemi aure ba. Mutanen nan sun ɗauko gari sukutum sun tsallako teku da shi!

A mota Hannatu ta ce, "Baba, mu fa?"

Na faɗi sunan mahaifina, na faɗi na kakana, daga nan ban san sunan kowa ba.

Goggo Laraba kaɗai ta rage mana a Kafanchan da za ta san sauran. Rabon da in kira ta tun Kirsimeti.