Rigar da Ba a Wankewa

Asabar, 3 ga Mayu

Baba ya ce tunda an yi hutu, in riƙa zuwa shagon Inna ina taya ta. Inna yayar Mama ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Wanki da guga take yi a wani ɗan shago jikin na tela. Ba ta da lafiya, hanta ce, kuma likita ya ce maganin ya daina kamawa. Za ta rufe shagon, amma sai ta sallami kayan mutane tukuna.

Ban so zuwa ba. Inna akwai surutu, ni kuwa ko gaisuwa sai na shirya ta a ciki kafin ta fito. Shi ya sa take ce mini Shiru-shiru.

Litinin, 5 ga Mayu

Ta rame sosai. Idonta ya yi ɗorawa. Amma bakin yana nan.

Shagon tebur ɗaya ne da bargo a kai, duk gefensa ya babbake, sai dutsen guga biyu da igiyar rataye kaya. Ta koya mini: kwala farko, sannan hannuwa, sannan jiki, kuma ba a bin kan maɓalli. Tela ya leƙo ya ce, "Uwar guga, yau ma ba ki mutu ba?" Ta ce, "Ina jiran zanen da ka ce gobe tun bara, sarkin alkawari." Na sunkuyar da kai don kar su ga ina dariya.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yau wani abu ya faru, ban san yadda zan rubuta shi ba.

Tela ya ce mata in ta riga shi zuwa can, ta kama masa wuri mai inuwa. Ta ce, "Wane can?" Ya yi dariya ya tafi. Ni ma na ɗauka wasa ne, sai na ga fuskarta. Da ƙyar na ce, "Inna, da gaske kike?"

Ta zare dutsen daga wuta ta ajiye. Ta ce, "Ni dai, 'yar nan, zuciyata ba ta yarda akwai wani can ba. Na yi ta ƙoƙari, ta ƙi. Anjima dutsen nan zai huce. Ina zafin ya tafi? Babu shi. Amma rigar ta gogu, wani zai sa ya je neman aiki." Ta ce kar in ɗora maganarta a kai, in riƙe nawa imanin, tambayarta na yi ta amsa.



Juma'a, 9 ga Mayu

Ban gaya wa Baba ba. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Tun da Mama ta rasu ina shekara bakwai, nake mata magana in ina wanke-wanke. A ciki, ba da baki ba. Ita kaɗai nake wa hira mai tsawo. Na gaya mata ranar da na ci jarrabawa, da ranar da ƙanena Auta ya fara tafiya. Kowa cewa yake tana can tana jiranmu.

In Inna ta yi gaskiya, ashe da kwanuka nake magana?

Kuma ita kanta Innar. Ina jin mata tsoro. Ina so ta janye maganar nan kafin... ba zan rubuta ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Na shirya maganar tun a hanya. Muna ninke zannuwan gado, ita da gefe ɗaya ni da ɗaya, na ce, "Inna, ki ce za mu sake haɗuwa. Ni da ke da Mama. Ko ba ki yarda ba, ki faɗa kawai."

Ta daina ninkin. Ta ce, "Shiru-shiru, ban taɓa mayar wa mutum riga da tabo na ce masa ya fita ba. Sai ke, da na fi so, zan fara yi wa?"

Na saki zanen ya faɗi ƙasa, na fita. Ta kira ni, ban waiwaya ba. Kalma ɗaya ce fa. Me za ta rage mata?

Litinin, 19 ga Mayu

Ban koma ba. Na ce kaina ke ciwo. Baba ya ce Inna ta aiko tana tambaya ko harshen ne na ƙarasa haɗiyewa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Inna ta faɗi a shago jiya. Tela ne ya kai ta asibiti, an kwantar da ita. Ina gida ina ciwon kan ƙarya.

Na karɓi makulli a wurin tela. Bai yi mini tsiya ba, idonsa jawur. Na ce bari in ƙarasa mata aikin da ya rage, ko ta huce. A ƙarƙashin tebur na tsinci wata leda, an ɗaure, an sake sa ta cikin wata an ɗaure. Riga ce shuɗiya irin ta direbobin manyan motoci, kwalar ta yi baƙi ƙirin, sai warin gumi da man inji. Na ce lallai ciwo ya ci ƙarfin Inna, har ta manta da wannan. Na jiƙa, na cuɗe da sabulu har hannuna ya saɓule, na sa sitaci, na goge yadda ta koya mini. Ta fito fes kamar daga kanti. Gobe zan nuna mata.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na yi ɓarna.

Na tarar ana mata ƙarin ruwa. Na ciro rigar na ɗaga. Inna ta dafe kai, sannan ta gaya mini labarin rigar.

Ashe mai rigar ya kawo ta wanki ne, kafin a kai gare ta ya yi hatsari ya rasu. Matarsa ta zo ta tsaya a bakin shago, ta ce kar a wanke, a ɗaure mata a ajiye, ba ta shirya karɓa ba tukuna. Duk sauran kayansa dangi sun wanke sun raba. Wannan kaɗai ce ta rage da warin jikinsa.

Na yi ta kuka har nas ta leƙo. Na ce to mu shafa mata man inji, mu cukuikuye ta, ba za ta gane ba. Inna ta ce, "Za ta gane. Mijinta ne." Ta ce wanda ya yi ɓarna shi ke kai saƙo. Ta kwatanta mini gidan, mai koren ƙofa bayan gidan mai.

Maganar fushina ko tayar da ita ba ta yi ba. Da ma ta zage ni.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na je har ƙofar. Na dawo da rigar.

Talata, 27 ga Mayu

Na ƙwanƙwasa kafin ƙafata ta sake shawara.

Matar direban doguwa ce, hannunta duk kumfa. Na faɗi komai ina kallon takalmina. Ta karɓi rigar ta kai hanci, ta juya, ta shinshina kwalar, ta shinshina hammatar. Sabulu kawai. Ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da ita. Na so ƙasa ta tsage.

Can ta ce, "Wa ya aike ki?" Na ce babu. Ta ce, "To, shi ma haka yake, gyaran da ba a sa shi ba." Sai ta ɗaga rigar ta ƙare mata kallo, ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa ganinsa da tsabta haka ba, ko ranar auren. Ta yi dariya da hawaye a haɗe. Ta ce in zauna.

Ta ba ni labarinsa har inuwa ta juya. Wai yana waƙa a banɗaki da murya kamar ta injin niƙa. Wai ya taɓa tsayar da mota a tsakiyar titi don kunkuru ya tsallaka. Ta ce tun rasuwar kowa "haƙuri" yake ce mata, ba wanda ya tambaye ta wane irin mutum ne. Ni ma ban tambaya ba, na dai zauna ne. Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce in gaishe da Inna.

Laraba, 28 ga Mayu

Inna ta sa na maimaita mata na kunkurun. Sai ta ce, "Ai gado kika yi. Uwarki ta fi ki ɓarna." Wai suna 'yan mata Mama ta ƙona wandon wani ɗan sanda a mazaunai wurin guga, ta ninke ta miƙa masa da hannu biyu, har da "Allah ya tsare, ranka ya daɗe." Washegari ya dawo yana tafiya da baya a jikin bango. Mama ta ɓuya cikin kwandon wanki, atishawa ta tona ta.

Mamata? Kowa cewa yake salihar baiwar Allah ce, ko yatsa aka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Wai har minshari take yi! Ban san me ya sa na fi son wannan ba.

Na ce, "Inna, ba kya jin tsoro?" Ta ce, "Ina ji mana, ni dutse ce? Amma na rayu, 'yar nan. Na yi ƙanwa mai ban dariya, na ga 'yarta ta ƙwanƙwasa ƙofar da take tsoro. Bai yi mini kaɗan ba. Ɓare mini lemon can, tsoro bai hana shi zaƙi."

Rabin lemon kawai ta iya sha.

Litinin, 2 ga Yuni

Barci ya yi mata yawa yanzu. Na riƙe hannunta, duk tabon ƙuna a yatsun. Tela ya kawo zanen, ya ɗinke tsaf, ya ajiye a gefen filo ya fita da sauri.

Na yi mata addu'a, ban san a fili nake yi ba. Ta buɗe ido ɗaya. Na tsaya, na zata za ta hana. Ta ce, "Ci gaba. Ashe kina da murya."

Ban sake roƙonta ta janye komai ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Inna ta rasu da safe. Ina wurin.

Litinin, 16 ga Yuni

Gida ya watse, baƙi sun tafi. Har yanzu ina yi wa Mama magana wurin wanke-wanke, yanzu su biyu ne. Sai dai na lura na daina tsayawa ina sauraron ko an ji.

Ɗazu Auta ya tsuguna kusa da ni yana wasa da kumfa. Ya ce, "Yaya, Inna ta haɗu da Mama?" Na buɗe baki zan ce eh, kamar yadda kowa ya gaya masa. Ta ƙi fita. Na ce kullum haka nake roƙo, amma ban sani ba. Ya fara shirin kuka.

Sai na ce, "Ka san Mama ta taɓa ƙona wandon ɗan sanda?"

Ban ce Inna ta yi gaskiya ba. Ban ce ba. Yaron dai yana jariri Mama ta tafi, bai san komai nata ba sai hoton da ke bango.

Ya sa na sake ba shi daga farko, wannan karon har da tafiyar ɗan sandan a jikin bango, da soso a hannuna. Baba ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Wai wa ke cika mana kunne haka a gidan nan?"

Auta ya nuna ni.