Tsallen Ziyanda Ya Dawo

Asabar, 4 ga Fabrairu

Allah ya ƙara wa wanda ya ƙirƙiro filin ƙanƙara basira. A garin Durban, inda rana ke narkar da kwalta, mutum ya biya kuɗinsa ya shiga firji ya yi ta zagaye a kan ƙanƙara da takalmi mai wuƙa a ƙasa. Wannan ai shi ne ilimi. Ga kuma mutanen kirki: iyaye mata a jere kan benci, kowace da bargo a cinya da gorar ruwa a hannu, ba mai tauna komai, ba mai ɗaga murya. A kasuwar Warwick in mace ta dubi 'yar mutum daga sama har ƙasa, zagi ne zai biyo baya. A nan murmushi ne.

Yau Ziyanda suka yi wa wannan duban. Wata ta ce, "Kai, ta yi kyau kwanan nan. Me kike ba ta?" Na ce abin da nake soya wa direbobin taksi, amagwinya, fanken da in ka matsa shi mai ya bi gwiwar hannunka. Suka kwashe da dariya. Sun ɗauka wasa nake.

Koci Marelize, mai horar da ita, ta ja ni gefe. Tsallen nan mai juyi biyu da ya gudu bara, lokacin da jikin 'yan mata ya zo wa yarinyar, wai ya fara dawowa. "Ta yi sauƙi a iska," in ji ta. Gasa na nan a Afrilu. Na ji daɗi, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. 'Yar ƙanwata Phumzile, marainiyar da na riƙe tun tana shekara biyar, daga Umlazi, unguwarmu ta talakawa, tana shawagi a gaban 'ya'yan masu motoci.

Talata, 14 ga Fabrairu

Ziyanda, da ke kirana Mamkhulu, wato babbar uwa, ta ce, "Mamkhulu, ki daina zuwa da ledar amagwinya fili. Ƙanshin mai na bin rigata."
To. Man da ya saya mata rigar.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

A coci Ziyanda ta ɗaga hannu ana waƙa, hannun riga ya zame. Na ga gwiwar hannun ta fi damtsen kauri. Sai na daina waƙar.

Na san wannan hannun. Na wanke shi, na shafa masa mai, na riƙe shi a layin asibiti lokacin da magani bai iso wa irinmu da wuri ba. Phumzile. Haka ta fara: ƙashin wuya, sai kumatu, sai idanu su yi wa fuska yawa.

Da aka tashi, MaShezi maƙwabciyata, wadda in ta yi shiru to tana barci ne, ta riƙo mayafina. "MaGumede, yarinyar nan lafiya kuwa?" Na ce wasanni ne. Ta ce, "Uhm. Uwarta ma ai da farko aiki ne ya yi mata yawa." Na ce ta je ta auna bakinta, ya fi buhun masara nauyi.

A fili suna cewa ta yi kyau, a unguwa suna jan 'ya'yansu gefe. Jiki ɗaya.

Alhamis, 9 ga Maris

Na kai ta gwajin jini. Na ce mata ni za ta raka, sai da muka zauna gaban nas ta gane. An gwada ta tana jaririya ba a ga komai ba, na sani, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

A kan benci ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Kina zaton ina bin maza." Na ce ba abin da nake zato. Ta ce, "Daga makaranta sai ƙanƙara, Mamkhulu. A ina zan same su, a cikin takalmi?" Har na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Babu ƙanjamau. Babu tarin fuka. Babu! Na rungume nas ɗin kamar 'yar ɗakinmu. Ta riƙe wuyan hannun yarinyar tana duban agogo, ta ce bugun ya yi sanyi, ta tambayi yaushe rabonta da al'ada, ta ce tana so mu dawo mu zauna. Na ce za mu dawo. Lokacin kaina na wajen mai kaji.

Asabar, 18 ga Maris

Na yanka kaji, na turara jeqe, burodinmu na tururi, na kira rabin layinmu. Na sa MaShezi a gaba don ta ji da kunnenta. Ta ce, "Ni dama ban ce komai ba." Na ce ai shi ya sa na ba ki cinya, ladan shirun da kika yi.

Ziyanda ta yi ta hidima, ta zuba wa wannan, ta ƙara wa wancan. Kowa na yabon tarbiyya. Farantinta na gani a wanke.

Laraba, 29 ga Maris

Karen MaShezi ya yi ƙiba. MaShezi ba ta taɓa ba kare abin da ya wuce ƙashi ba.

Alhamis, 30 ga Maris

Na tsaya bayan labule da safe. Ziyanda ta fito da kwanon abincin makarantarta, ta tsuguna a jikin wayar shinge ta buɗe shi, karen na jiranta yana kaɗa jela kamar mai jiran albashi.

Ni. Ni da ke gane kuɗin jabu da yatsa ba tare da na duba ba. Ni da direba bai isa ya ce mini ya biya bai biya ba. A cikin gidana, a kan teburina.

Asabar, 1 ga Afrilu

Na je wa Marelize da faɗa a baki. Na shirya shi tun a taksi, har da na ƙari.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ban taɓa ce mata kada ta ci ba. Ko sau ɗaya." Na bincika maganar ta ko'ina, ban sami ƙarya ba. Ba ta ce ba. Ranar da yarinya ta faɗi sai ta yi shiru ta dubi ƙugunta, ranar da ta tashi sama sai ta ce madalla. Shi ke nan. Ko akuya aka yi wa haka za ta gane.

Ta ce ita ma ta yi wasan, tun tana ƙarama, haka abin yake, bayan gasa sai a huta. Tana magana tana riƙe da kofin ruwan zafi da hannu biyu. Ruwa zalla, ko ganyen shayi babu. Matar ta kai hamsin. Sana'ata ce sanin wanda ya karya da wanda bai karya ba, kuma na rantse wannan baiwar Allah ta daɗe ba ta zauna ta ci ta ƙoshi ba. Agogonta na yawo a hannu kamar awarwaro.

Faɗan ya mutu mini a baki. Da wa zan yi? Kamar ka je kai ƙarar fatalwa ne ka tarar da wata a kan kujerar alƙali.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Na ajiye faranti, na ja kujera, na ce ba mai tashi. Na yi lallashi, na yi zagi, na kira sunan kakanni. Na ce a gidan nan mun san yunwa, amma ba mu taɓa gayyato ta ba. Ta zauna tana juya cokali.

"Tsallen ya dawo, Mamkhulu. Kin gani da idonki."
Na ce tsalle ba ya binne mutum ya kuma tono shi. Sai bakina ya kuɓuce, na ce ta dubi madubi, ta koma kamar uwarta.

Ta ɗago. Ba fushi a fuskar. Ta ce, "Na sani. Ina ganinta da safe in ina wanke fuska." Ta ɗan yi murmushi. "Ai ni haka na san ta."

Gaskiya ne. Tana da wayo ne kawai a shekarar ƙarshe ta uwarta. Phumzilen da samari ke karo da turakun lantarki saboda ita, wadda siket ba ya zama mata sai an buɗe shi, yarinyar nan ba ta taɓa ganinta ba. Uwar da ta sani ita ce ta kan katifa.

Abincin ya huce a gabanmu.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Ban koma wajen nas ba. Ziyanda ta roƙe ni, wai bayan gasa, ta yi alkawari. Na karɓi alkawarin kamar yadda nake karɓar na mashayi. Na dai karɓa.

Asabar, 15 ga Afrilu

Ranar gasa. Rigar shuɗiya ce mai duwatsu. Da ta fito tsakiyar fili fitila ta bi ta, sai na ga kamar ana iya hango ƙanƙarar ta cikinta.

Ta yi tsallen. Ta tashi, ta juya, ta sauka kan ƙafa ɗaya ba ko ƙara. Wurin ya ɗauka. Na tsinci kaina a tsaye ina guɗa, matan bargo na kallona suna tafi. Ta rusuna wa alƙalai, ta taho bakin fili tana murmushi, ta miƙa hannu za ta karɓi murfin wuƙar takalminta. Hannun bai kai ba.

Ba ta yi nauyin faɗuwa ba ma. Kamar an saki zane daga igiya.

Litinin, 17 ga Afrilu

Asibiti. Wayoyi a ƙirjinta, na'ura na ƙirga abin da ya rage. Likitar, wata 'yar Indiya mai gajeren gashi, ta ce zuciyar ta gaji, jiki ya fara cin kansa. Ta ce cuta ce, tana da suna, tana kisa, kuma ba taurin kai ba ne. Na ce, "Dokta, wannan ai ciwon 'ya'yan Turawa ne. Mu namu rashi ne." Ta ce in leƙa ɗakin in faɗa mata launin waɗanda ke kwance. Na leƙa. Na dawo na zauna.

Ziyanda ta zo ta biyu a gasar, wai. Marelize ta kawo lambar da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Na karɓa na sa a jaka tare da makullai.

Na shekara goma ina tsaron ƙofar gaba da tabarya, kada abin da ya ɗauki Phumzile ya dawo. Ashe ta taga ya shigo, da rigar duwatsu, ana yi masa tafi.

Juma'a, 28 ga Afrilu

An koya mini zama. Wai in ajiye abinci, in zauna, in ci nawa, kada in ce "ƙara", kada in ce "kin yi kyau", kada in ce "kin rame". Mace irina da aka haifa da magana a baki. Likita ta ce kada a yi zancen jikinta sam, ko na yabo. Na ce to me ake cewa mutum in an gan shi? Ta ce, "Sannu."

MaShezi ta ɗaure karenta. Ba ta ce komai ba, wannan karon da gaske.

Lahadi, 7 ga Mayu

Ziyanda tana gida. Ta ci rabin jeqe da wake, a hankali, tana kuka ba sauti, kamar mai haɗiyar tsakuwa. Na dubi bango na ba ta labarin direban da matarsa ta kama shi a tasha. Harshena duk ya yi ciwo don cizo.

Da ta gama ta ce, "Mamkhulu, da gaske Mama tana da jiki?" Na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarƙashin gado da ban buɗe ba tun ranar jana'iza. Siket ɗin cocinta, baƙi, mai maɓalli a gefe. Ta ɗaga shi da hannu biyu, ta yi ta buɗawa, bai ƙare ba. Ta ce, "Duk wannan?" Na ce duk wannan, kuma yana matse ta. Ta yi dariya, ta farko tun bara, sannan ta sa fuska a ciki ta daɗe. Ta tafi da shi ɗakinta. Ban hana ba.

Jiya 'yar wata mai sayen amagwinya ta zo, ta dawo daga makarantar kwana. Na buɗe baki zan ce mata abin da nake ce wa kowa, kin rame ko kin yi ƙiba. Na ce sannu, na ƙara mata ɗaya. Tsufa ne, ina jin, ba wani abu ba.

Marelize ta turo saƙo, tana gaisuwa, tana tambayar yaushe. Ziyanda ma ta tambaya. Likita ta ce ba yanzu ba, amma ba ta ce har abada ba. Takalman na rataye a bayan ƙofa, ban sayar ba, ko da yake an taya.

In ta koma da ƙugun uwarta, ta tashi sama ta faɗo a kan ƙanƙara da cikinta a ƙoshe, a cikin masu tafin nan mutum nawa za su miƙe tsaye? Ni fa, guɗar za ta fito?