Surukar Yayana Ta Tashi Yi Wa Makaɗi Liƙi, Ashe Shi Ne

Salamu alaikum jama'ar gurup. Admin ka rufe sunana ruf, don a nan Deira ta Dubai ko tari ka yi sai an ji a Kano kafin magariba. Don Allah ku ba ni shawara, an tsoma ni cikin maganar da ba ni na ɗauko ba, ba ni zan yi auren ba, ba ni na kaɗa gangar ba, amma yanzu ni ake so in dafa Alƙur'ani. Ku yi haƙuri da rubutun, a aji uku na sakandare ni da boko muka raba gari, ba faɗa ba zagi, kowa ya kama gabansa.

Ina aiki a wani shagon kago, masu tura wa 'yan kasuwa kaya gida, a Deira, ɗaure kwali, naɗe shi da leda, ɗora shi a sikeli, iyakar digirina ke nan. Ina zaune da yayana uwa ɗaya uba ɗaya a Al Nahda, gado mai hawa biyu, ni ne a sama. Babanmu limamin masallacin unguwa ne a gida. Yaya kuwa makaɗi ne. Yana cikin wata ƙungiya da ke zagaya gidajen abincin bakin ruwa a tsibirin nan da aka zana kamar bishiyar dabino, shi da 'yan Ghana uku da wata mawaƙiya 'yar Filifin. Gangunan Turawa yake bugawa, in wuri ya yi daɗi ya rataya kalangu. Tun muna yara yake kiɗa a gindin bokiti, Baba ya ƙarar da tsumagiyar unguwa a jikinsa, ashe a banza. To amma a gida kowa ya san Yaya a ofishin kago yake. Wato aikina ya ara ya kai gida, har ya yi wa kansa ƙarin girma, ni mai ɗaure kwali, shi manaja.

Yana neman 'yar wani Alhaji mai sayar da atamfa da leshi, bari in kira ta Husna. An yi gaisuwa, an sa rana bayan babbar sallah. Alhaji ya saba zuwa nan Dubai saro kaya, kwana uku ya juya, duk zuwan da zai yi Yaya sai ya zura kaftani ya zo shagonmu ya tsaya kusa da sikeli yana ba ni umarni, ni kuma ina cewa to manaja, ogana yana juya baya yana dariya. Haka muka ci shekara biyu lafiya lau.

Wannan karon hutun makaranta ne, Alhaji ya kwaso iyali gaba ɗaya, Hajiya da Husna da ƙannenta, kwana goma. Yaya ya ce manaja ba shi da lokacin yawo, ni zan zama ɗan rakiya, kuma doka ɗaya ce, in kai su ko'ina a garin nan ban da tsibiri. Na kai su kasuwar zinariya, na tsallakar da su ruwa a abra, kwalekwalen nan na katako, na kai su sahara Hajiya ta hau raƙumi ta sauko tana tsine wa mai shi. Ranar Asabar da hantsi Alhaji ya ce shi fa ba zai koma kasuwa a ce ya kai iyali Dubai bai taka tsibiri ba, can za mu ci abincin rana. Na ce akwai zafi, ya ce shi ɗan Kano ne. Na ce akwai tsada, ya tambaye ni ko ni zan biya. Na kira Yaya ya fi sau nawa, ashe wayarsa tana kulle cikin loka, ba a hawa dandamali da ita.

Wanda bai san tsibirin ba, wuri ne da za ka ga Baturiya tana gudu da karenta ba wanda ya koro ta, masu raino suna tura yara a keke, ruwa shuɗi kamar an zuba bula. Irinmu dai a bas ake shigo da mu ta ƙofar baya mu yi aiki mu fita. Na san gefen da su Yaya suka fi yin wasa, sai na ja su can ɗaya ƙarshen. Kuma in faɗi gaskiya tunda ba ku san ni ba, gidan abincin da na zaɓa na daɗe ina leƙen kifinsu ta gilashi, na ce yau dai ranar talaka ce. Ban san ran Asabar nan ake turo su ba.

Mun zauna ke nan an kawo kifi na ji an buga ganga, tun kafin in ɗaga kai na gane hannun. Yana can baya cikin riga mai zanen furanni da malafa da baƙin tabarau, kayan aikinsu ke nan. Shi ma ya hango mu, na ga ya ja malafar har kan hanci. Da a haka aka tsaya da mun tsira, don Alhaji ya ba dandamalin baya, hankalinsa yana kan kwalaben da ke teburin maƙwabta. Sai shugabansu ɗan Ghana ya ɗauki makirfo ya ce yanzu za a ji gangar Afirka mai magana. Ba yadda Yaya zai yi, ya rataya kalangu ya fito gaba. Jama'a, Yaya ya iya, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Hajiya ta ajiye cokali, idonta ya kawo ruwa, ta ce wannan kiɗan garinsu ne, rabonta da jin sa haka tun bikinta, ashe akwai ɗan gida a nan. Kafin in haɗiye lomar bakina ta zuge jaka ta miƙe. Na ce mata a nan ba a liƙi, akwai kwalbar da ake sakawa a ciki, ta ce ita ba ta san kwalba ba, makaɗi a goshi ake girmama shi.

Ta hau dandamali, mai gadi ya taso, ɗan Ghana ya ɗaga masa hannu. Ta nemi goshi ta rasa, malafa ta rufe, sai ta sa yatsa ta ture ta baya. Ta tsaya tana kallonsa. Wallahi ba ta fasa ba, ta manna masa takardar, gumi ya riƙe ta, sannan ta ce, “Manaja, ina wuni.” Shi kuma jiki ya riga hankali, ya ga suruka, kawai ya durƙusa har ƙasa da kalangu a hammata yana gaishe ta. Turawa suka ɗauka cikin wasan ne, suka hau tafi suna ɗaukar bidiyo. A nan Alhaji ya juyo. Kifin nan dai ban ƙarasa shi ba.

Washegari na raka Yaya otal ɗinsu, ya ce wa Alhaji abokinsa ne ba lafiya ya tsaya masa na rana ɗaya, kiɗan kuma na ƙuruciya ne ya tuna. Alhaji ya ce hannun da ya ji ba na ɗan aro ba ne, kuma shi ba za a kira jikokinsa 'ya'yan maroƙi ba, balle kiɗa a inda ake shan abin da ya gani. Amma ya ce ba zai yanke hukunci a kan zato ba, sai ya nuna ni. Wai ni ɗan liman ne, a gidanmu ba a wasa da Littafi, ran Juma'a bayan masallaci in zo in dafa in faɗa masa. In na rana ɗaya ne aure yana nan, in sana'a ce shi da kansa zai kira Baba ya mayar da kayan gaisuwa. Asabar jirginsu zai tashi.

Abin da ke ƙona min rai, Alhajin nan a bikin wannan 'yar tasa makaɗa zai ɗauko, ya tsaya a fili yana zuba musu sababbin kuɗi ana kiran sunan kakansa. A ji daɗin kiɗa halal, a haɗa jini da mai yi ne abin kunya. Yaya bai taɓa kai kwalba bakinsa ba, a bayan kicin yake shimfiɗa kwali ya yi sallarsa tsakanin wasa da wasa, ba wanda ya tambayi wannan. Ita kuma Husna ta turo min saƙo, ta ce ganga ba ta dame ta sosai ba, abin da ya tsaya mata shekara biyu ana ce mata ina ofis zan kira ki anjima, kuma ran Juma'a bakina za ta kalla.

Tun ranar ni da Yaya ba zaman lafiya a ɗaki. Ya ce na sayar da shi a kan farantin kifi, na ce ba ni na naɗa shi manaja ba. Ya ce in rantse kawai, da an ɗaura aure zai ajiye kiɗan, ƙaryar ta zama gaskiya. Mutumin da ko yana kwance yatsunsa suna buga ƙarfen gado, ni da ke sama ni na sani. Na yi tunanin in kashe waya in ɓace wurin abokina a Al Quoz har su tashi, to amma rashin zuwan ma ai amsa ce.

To ku faɗa min, in dafa in yi ƙarya auren ɗan'uwana ya tsira, ko in faɗi gaskiya aure ya mutu, Baba ya ji a bakin wani cewa ɗansa na fari makaɗi ne? Akwai wata hanya ta uku da ƙaramin kaina bai hango ba? Masu cewa in yi masa wa'azi ku huta, na gwada ɗazu da safe, na miƙe tsaye na ce masa ni duk iskancina ina tsoron Allah, ba zan dafa Littafi a kan ƙarya ba. Yana ɗaure igiyar takalmi, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Bizarka ganga ce ta yi ta, buhun shinkafar gidan liman ganga ke kai shi. Shekara uku kana cin tuwon ganga ba ka tuna da tsoron Allah ba, sai yau da aka ce ka wanke kwanon?”